Kunyar Ɗan Fari a Ingila

Ni Rakiya, da na daɗe ina aikin malamar ba da shawara a wata makarantar 'yan mata a Dutse, ban taɓa kawowa a raina akwai ranar da zan tsaya gaban Baturiya ina rantse-rantse cewa uwar da ba ta kiran sunan ɗanta lafiyarta ƙalau ba. Amma ranar ta zo. Saura ƙiris a kai ƙarar wata baiwar Allah 'yar Garki wajen hukumar da ke iya raba yaro da iyayensa, laifinta kawai tana kunyar ɗan fari. Sai dai bari in faro muku daga inda wahalata ta fara, wato filin jirgin Ingila.

Ina saukowa, ga sanyi ga yunwa, sai ga wani jami'in kwastan riƙe da kare. Karen nan ya wuce Turawa, ya wuce Indiyawa, ya wuce wani ƙato mai jarfa har wuya, bai ga kowa ba sai ni. Na tattare zanina ina a'uzubillahi, shi kuwa ya dafe jakata yana kaɗa wutsiya. Aka ce in buɗe. Ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga yaji, ga daddawa, ga kuma roba guda cike da man shanu.

Man shanun nan yana da labari. Mu asalinmu Fulani ne na bayan Kiyawa, har yanzu akwai 'yan shanu a gidanmu, kuma ni ce 'yar farin mahaifiyata, Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta matsu sai ta ce "waccan", in tana cikin raha ta ce "'yar gidan Goggo", don Goggo ce ta goye ni. Da za ni tafi karatun nan ma ba ta ce mini komai ba. Ita ta kaɗa man da hannunta, ta soya, ta miƙa wa ƙanwata Jummai, ta ce, "Ki ba mai tafiyar nan. An ce can ba su da shanun kirki." Ina tsaye a gabanta ta faɗi haka.

Jami'in ya fara buɗe ƙullin daddawa. Ya ja da baya, ya runtse ido, ya ce in ɗaure in mayar, da sauri. Ina jin don ta yi nesa da shi ya bar ta ta wuce. Da ya zo kan robar sai ya ce ba a shigowa da abin da aka yi da nono. Na ce ai ba nono ba ne, mai ne. Na ce uwata ce ta yi. Na ce ya ɗanɗana ya ji. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, yana faɗa yana murmushi, ya jefa robar a kwandon shara. Wallahi da a tashar Kiyawa ne da sai an raba mu. Amma a nan wa na sani? Na ja akwatina ina share hawaye da gefen mayafi.

Zango na biyu shi ne ɗakin da na kama. Wani ɗan ƙasarmu ne ya samo mini tun ina gida, mai yawan sa Allah a zance, ya ce ɗaki ne kusa da jami'a, mai kallon lambu. Lambun ashe wajen ajiye bolar gidan ne. Kusa da jami'ar kuwa, sai na hau bas biyu. Ɗakin da kansa, in na yi sujada ƙafata ce ke rufe ƙofa. Hitar ɗumama ɗakin tana aiki ranar da ta ga dama. Na kira shi in yi masa tas, ya ce, "Hajiya, ki gode wa Allah, wasu a falo suke kwana." Daga ranar lambarsa ta daina shiga. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Abin da ya fi sanyin ciwo shi ne rashin gaisuwa. Maƙwabcina wani dattijon Bature ne. Ranar farko na tare shi a matakala na gaishe shi yadda ake gaida mutum: yaya ya kwana, yaya gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, yaya ƙafa, don na ga yana ɗingishi. Ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Wani abu kike sayarwa?" Oh ni Rakiya! Na shige ɗaki na rufe ƙofa da ƙafa.

In kewa ta ishe ni sai in kira wayar Jummai. Inna ba ta taɓa karɓa ba. Sai dai in jiyo muryarta daga nesa tana cewa, "Ki tambayi waccan ko tana samun abin ci." A kiran farko na ba su labarin man shanu, har da yadda robar ta yi ƙara a cikin kwandon. Jummai ta yi ta tsine wa jami'in. Inna kuwa, sai na ji ta ce, "To." Daga nan ta tafi korar akuya. Na ajiye waya raina a ɓace, na ce wannan tsohuwa ko a jikinta.

Allah bai bar ni haka ba. Akwai wani kanti a bayan layinmu na wata tsohuwar Ba'indiya. Ta lura kullum in na shigo sai na ɗauki gwangwanaye ina shinshinawa kamar mai neman ɓera. Ta tambaye ni, na yi mata bayani da baki da hannu, har da kwaikwayon kaɗa nono. Ta yi dariya, ta shiga ciki ta fito da wani gwangwani ta buɗe mini. Jama'a, man shanu ne soyayye! Bai kai na Inna ƙamshi ba, amma ɗan'uwansa ne na jini. Ta ce in tafi da wannan kyauta, ita ma da ta zo ƙasar ta yi kukan abinci. Tun daga ranar nake zuba shi a miyar kuka, a shinkafa, wani lokacin in sha da cokali. Har na murmure. Ban ko tuna in ba da labarinsa a gida ba.

A jami'a, kwas ɗin da aka fi matsa mana a kai shi ne yadda mai ba da shawara zai yi aiki da yaran da al'adunsu suka sha bamban. Na ce wannan ai abincina ne. A Dutse wane iri ne ban gani ba? 'Ya'yan Hausawa, 'ya'yan Fulani, 'ya'yan ma'aikata Yarbawa da Ibo, duk sun zauna a kujerar ofishina sun yi kuka sun tashi. Na riƙa ɗaga hannu a aji har malamin ya fara yi kamar bai gan ni ba.

Da lokacin koyon aiki ya zo aka tura ni wata makaranta da ta tara yaran duniya: 'yan Pakistan, 'yan Somaliya, 'yan Sin, da na ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Aka haɗa ni da mai ba da shawara ta makarantar, Madam Helen, wata siririyar dattijuwa mai furfura da tabarau, wadda ba a raba ta da kofin shayi. Ita za ta sa mini ido.

A makon farko na fara zuba abin kunya. Wata yarinya ta zo ta ce sun yi faɗa da uwarta, ba ta son komawa gida. Na ce, "Wannan mai sauƙi ne. Ba ni lambar babanki. Kina da kawu?" Yarinyar ta ƙwalla ƙara ta fita da gudu. Madam Helen ta zaunar da ni ta ce maganar yaro amana ce, ba a kai ta gida sai in akwai haɗari. Na ce mu a wajenmu a gindin darbejiya ake kashe irin wannan, da uba da kawu, in ta yi tsami a kira mai unguwa. Ta ce, "A nan babu darbejiya."

Ban gama farfaɗowa ba na haɗu da wata uwa da 'yarta a bakin ƙofa, yarinya kuɓul-kuɓul gwanin sha'awa. Na ce masha Allah, 'yarki ta yi ƙiba, ana ganin hutu. Kafin a tashi matar ta kai ƙarata wajen shugaban makaranta. Sai kuma wani ɗan mitsitsin yaro da ya tsaya ya zuba mini ido cikin ido ya ce, "Rakiya," gatsal, babu malama babu komai. Hannuna da kansa ya nufi kunnensa. Allah ya taimake ni na mayar da shi baya na riƙe da ɗayan.

Madam Helen ba ta faɗa. Sai ta kurɓi shayi ta ce, "Kafin ki yanke hukunci, ki tambaya: a gidansu, me wannan yake nufi?" Kullum maganar ke nan. Na ji haushinta ba kaɗan ba. A raina na ce ni da na zo da ilimina, yau ni ake koya wa tambaya.

Ana nan sai maganar Haruna ta taso. Yaro ne Bahaushe ɗan ƙasarmu, ɗan shekara goma sha biyu, shiru-shiru, gwanin lissafi. Babansa yana karatun digiri na uku, yana kuma aiki a gidan kula da tsofaffi. Wata rana malamar ajinsu ta ce kowa ya faɗi sunan shagwaɓar da uwarsa ke kiransa da shi. Kowa ya faɗa ana dariya. Da aka zo kan Haruna sai ya ce shi uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko na gaskiyar. Bayan an tashi aka same shi a banɗaki yana kuka.

Daga nan malamai suka fara sa ido, kowa ya kawo abin da ya gani. In uwar ta zo ɗaukarsu, ƙanwarsa Ummi take riƙe wa hannu, shi yana biye a baya da jakunkuna. Ranar da ya ci kyautar lissafi, ana kiran sunansa ana tafi, ta ja mayafi ta rufe fuska ta fice daga zauren. A taron iyaye, in an tambaye ta Haruna sai ta ba da amsa a kan Ummi, in an matsa ta ce "wancan". Ko sunan da 'yan ƙasarmu ke kiranta da shi, Maman Ummi ne, kamar ba ta haifi kowa kafin Ummi ba.

Madam Helen ta jera mini waɗannan fuskarta a murtuke. Ta ce ga alama an ware yaron a gida, kuma doka ta ɗora mata ta sanar da hukumar kula da yara. In suka shigo za su bincika, in ba su gamsu ba suna iya ɗauke shi su ba wasu riƙo.

Ni kuwa me zan yi in ba dariya ba? Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Madam, in dai wannan ne laifin, sai ku aika jirgi Jigawa a kwaso tsofaffin mata kaf, a fara da uwata." Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi, don uwa ta nuna kara ga dangin miji da manyanta. Na ce 'yan boko da yawa sun bari, amma wadda kaka ta raina a ƙauye tana nan da abinta.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Na ji. Amma na sha ganin an ɓoye mugunta a bayan kalmar al'ada, kuma yaro ne ya sha wuya. Haruna ya yi kuka a banɗaki. Shi ma al'ada ce?"

Na daina dariya.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Ke fa? Bai taɓa yi miki ciwo ba?"

Na ce, "Ko kaɗan!" da ƙarfin da ya sa shayinta ya girgiza. Ƙarya nake. Na tuna ranar ziyara a makarantar kwana, iyaye mata suna ƙwala wa 'ya'yansu kira daga bakin ƙofa, ni kuwa Inna tana tsaye nesa ta juya baya, ta aiko Goggo da ƙullin fura. Na ci furar, amma na yi kuka a bayan aji.

Madam Helen ta ce za ta kira iyayen su zauna kafin ta aika da komai, ni zan yi tafinta. Ta ce, "Labari ba zai ishe ni ba, Rakiya. Ina son in gani da idona cewa yaron nan yana da uwa."

Da izininta na tare matar a bakin ƙofa da aka tashi. Na ce, "Salamu alaikum, 'yar'uwa, daga ina?" Ta zabura kamar ta ga aljani, ta ce, "Garki!" Na ce, "Kiyawa!" Nan muka tsaya muka yi gaisuwar da na yi watanni ina bin bashinta: gida, iyali, sanyi, damina, har geron bana sai da muka tambayi juna, alhali babu wadda ta gan shi a cikinmu. Ta ja ni gidansu ta dafa mini shayi mai citta.

Da na faɗa mata abin da ake ciki, ta ajiye kofin hannunta. Ta ce, "Su ɗauke wa? Su ɗauke... shi?" Ko a wannan halin sunan bai fito ba. Hawaye kawai suka zubo.

Na ce, "Kwantar da hankalinki, abin ba wuya. Ranar zaman nan ki kira sunansa sau ɗaya, ki rungume shi a gaban Baturiyar, shi ke nan an wuce wajen."

Ta ce, "Malama, in rungume shi? Ƙato da shi? A gaban babansa?"

Na ce za mu gwada. Na ɗauko matashin kai na ɗora a kujera na ce ga shi nan, kira shi. Ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi, ta ce, "Ha... Ha..." Sai ta ƙarasa da, "Hasbunallahu wa ni'imal wakil," ta zauna daɓas. Muka sake. Ta rufe ido ta buɗe baki, babu abin da ya fito sai iska. Muna cikin haka maigidan ya shigo a gajiye, ya ji abin da muke yi, ya girgiza kai. Ya ce, "Malama, na yi na yi da ita. Ni kaina tun da aka ɗaura mana aure ban ji sunana a bakinta ba." Na ce don Allah kada ya kuskura ya faɗi wannan a gaban Madam Helen, kada a ce shi ma za a ba wasu riƙonsa.

Ranar zama ta zo. Ga Madam Helen da alƙalaminta, ga ni, ga uban, ga Haruna ya sunkuyar da kai. Maman Ummi ta zo da Ummi don babu inda za ta bar ta, yarinya 'yar shekara bakwai mai bakin tsiya, aka ba ta takarda da fensir ta zauna a gefe tana zane.

Madam Helen ta yi bayani a hankali, na fassara. Sannan ta dubi uwar ta ce, "Kina son Haruna?"

Maman Ummi ta ja mayafi har hanci, ta kafe ƙasa da ido.

Na ce, "Madam, ta ce e."

Ta ce, "Ban ji ta ce komai ba."

Na zunguri matar da gwiwar hannu. Ta miƙe, ta nufi yaron a ɗarare kamar mai shirin sauke tukunya ba tsumma. Ta miƙa yatsu biyu ta taɓa kafaɗarsa, ta ce, "Sannu, kai." Haruna da bai taɓa ganin haka ba ya zabura ya maƙale a jikin kujera, ya ce, "Mama, lafiya?" Innalillahi! Duk wanda ya ga wannan zai rantse yaron tsoronta yake ji. Na ga alƙalamin Madam Helen ya fara tafiya. Ta ɗago ta yi mini wani kallo, na san ta gane ni na kitsa wasan. A raina na ce shi ke nan, na zo gyara na ƙarasa ɓatawa, za a raba uwa da ɗa da hannuna a ciki.

A nan ne maganar da na tsana ta faɗo mini: a gidansu, me wannan yake nufi? Na bar uwar, na juya wajen yaron. Na tambaye shi da Turanci don Madam Helen ta ji, na ce, "Haruna, in an yanka kaza a gidanku, wa ake ba ƙundu da cinya?"

Ya ɗaga kafaɗa. Kafin ya buɗe baki sai muka ji an buga fensir a tebur.

"Shi!" in ji Ummi. "Kullum shi! Ni fiffike ake ba ni!"

Uban ya ce, "Ke, Ummi, yi shiru." Madam Helen ta ɗaga hannu ta ce a bar ta. Ai kuwa kamar an ɓalle famfo. Ummi ta ce rigar sanyinsa sabuwa ce fil, tata gwanjo. Ta ce in ya yi tari sau ɗaya Mama ba ta iya zama, sai ta tsaya a bakin ƙofarsa ta tura ita Ummi ciki da zuma, ta fito a sake tura ta ta dubo ko ya rufa. Ta ce in an yi salla Mama ta fi daɗewa a kan "Allah ka raya wancan" fiye da kowa, ita a ƙarshe ake sako ta tare da mutanen Garki. Ta ce kyautar lissafinsa tana ƙasan akwatin Mama, an naɗe ta a zanin aurenta tare da 'yan kunnen gwal, ita ko taɓawa an hana ta.

Ta ƙarasa tana huci: "Ni ake ta kira, Ummi, Ummi, Ummi. Ai don aike ne! In kuna ɗaukar wanda ba a so, ni za ku ɗauka!"

Uban ya rufe baki da hula, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na kasa dariya, don ina kallon Haruna. Ya ɗago a hankali ya dubi uwarsa, ya ce da Hausarsa mai ɗan karkata, "Mama, da gaske kyautar tana akwatinki? Na zaci kin jefar."

Maman Ummi ba ta dube shi ba. Ta juya ta fuskanci bango, ta ce, "Ku ce masa ya gyara wuyan rigarsa. Sanyi zai shige shi."

Madam Helen ta ce, "Me ta ce?" Na fassara mata kalma da kalma, ban ƙara gishiri ba. Ta dubi yaron yana gyara wuyan riga yana murmushi hawaye na zuba. Ta ajiye alƙalami, ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa, alhali babu abin da ya same shi.

Ta ce ba za ta aika da komai ba. Amma ba ta sake mu haka nan ba. Ta ce yaron yana girma ne a inda abokansa ke jin ana kiransu, kuma kukansa na gaske ne, don haka zai ci gaba da zuwa wajenmu, ita kuma uwar ta nemo wani abu da za ta iya kiransa da shi wanda ba "wancan" ba. Na fassara. Maman Ummi ta yi dogon tunani, sannan ta ce wa bango, a hankali, "Yayan Ummi."

Haruna ya ce, "Na'am, Mama."

Ummi ta ce, "Sunana dai kuma!"

Da suka fita, Madam Helen ta haɗa mini shayi da hannunta. Ta ce wasan rungumar nan kada in sake, na ce na tuba. Ta ce ita ma ba ta taɓa tunanin tambayar kaza ba. Sai ta ce, "Ke a gidanku wa ke cin ƙundu?" Na ce shayin ya yi zafi. Har yau a ofishina na Dutse, in yarinya ta zo tana kuka wai ba a sonta a gida, da wannan tambayar nake farawa, kuma ba na kiran kawu sai ta yarda.

Da na gama karatu na dawo, kwana ɗaya na yi a Dutse wajen maigida da yara, na shiga mota sai Kiyawa. Gida ya fito kaf, ana guɗa, ana cewa na yi fari na yi ƙiba, na ce masha Allah, a nan yabo ne. Inna kaɗai ba ta fito ba. Tana madafa ta ba ƙofa baya tana tuƙa tuwo.

Na ce yau zan gwada ilimina. Na shiga na durƙusa a bayanta, na ce, "Inna, na yi kewarki. Ina sonki."

Muciya ta tsaya cak. Ta ce, "La'ilaha illallahu! Jummai! Zo ki fitar da wannan, Turawa sun taɓa mata kai." Ta wurgo mini mafici. Na fito ana ta yi mini dariya, ni ma ina yi, amma raina ya ɗan sosu.

Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, man shanu yana iyo a kai har ba a ganin miyar. Na ga Jummai da yaran gida sun far wa kwanon kamar waɗanda suka yi azumi. Na ce, "Ke Jummai, a hankali mana, ba ƙwace miki za a yi ba."

Ta lashe yatsa ta ce, "Yaya, ke dai Allah ya yi miki albarka da kika dawo. Tun ranar da kika ce an zubar da man nan Inna ta hana a sa man shanu a miyar gidan nan. Tana kaɗawa, a kai kasuwa a sayar, ko ɗigo ba ya shiga tukunya. Har da Salla. In mun yi magana sai ta ce wata tana can tana cin abinci gaya, ba za a sha mai a gabanta ba."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na tuna gwangwanayen tsohuwar Ba'indiya da na jera a tagar ɗakina, waɗanda na shanye da cokali. Na buɗe baki in faɗa, na rufe. Hawaye suka ɓalle mini, na ce yajin ne ya yi yawa, alhali miyar ko yaji babu.

Daga madafa, ba tare da ta juyo ba, Inna ta ce wa bango, "Ku ƙara wa baƙuwar mai."

Aka ƙara. Na cinye tas.